Kyandir Uku da Sunan Gwamna

Kom Gali, 14 ga Satumba, 1964

Zuwa ga Baffana Kiriniyus ɗan Salib,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya cikin kiyayewar Ubangiji. Mu nan lafiya lau, sai dai kogi bana ya cika har ya ci gonakin gabas.

Ba ka san ni ba. Ni ce Mufida, 'yar Wadi ɗan kawunka Iskandar. Lokacin da ka bar garin nan ko auren iyayena ba a yi ba. Adireshinka na samu wurin Fahim mai kai albasa Iskandariya. Ya ce kana suyar kofi a shagon wani Bagirke, kuma in rubuta Karim a bayan ambulan in ina so ta isa hannunka. Na rubuta hakan a waje. A ciki kuwa dole in kira ka da sunan da na zo roƙo.

Baffa, cikina wata shida. Mijina Nashid yana Aswan wurin ginin madatsar ruwa, sau biyu yake leƙo mu a shekara. Wannan cikin shi ne na huɗu. Ilariya ta kwana tara a duniya. Labib ya kwana ashirin da ɗaya, har ya fara bin fitila da ido. Yustina ta kai wata biyu, na riga na yanka mata rigar baftisma. Ka san namiji sai ya cika kwana arba'in, mace tamanin, sannan Abuna, limamin cocinmu, ya tsoma su a ruwa ya rubuta su a littafin coci. Nawa babu wanda ya kai. Farat ɗaya suke tafiya, kafin a tsallaka hayi a kira shi.

Kowa a garin nan ya san mahaifiyarka Gwaggo Bahiya takwas ta haifa, kai kaɗai ka tsaya. Shi ya sa nake so, in namiji ne, sunanka ya shiga cikin kyandir ukun da ake kunnawa ranar bakwai, in naka ya fi daɗewa yana ci yaro ya ci sunanka. Ba ka manta tsarin gidanmu ba: sunan mai rai ba a kunna masa kyandir sai shi ya saya da hannunsa ya aiko.

Surukata ita Abadir take so, sunan marigayi mijinta. Ta ce naka sunan gwamnan Romawa ne, in na ƙara ambatonsa a gidanta za ta wanke mini baki da toka. Ban fasa ba. Haihuwa sai ƙarshen Disamba in Allah ya kai mu. Kyandir ɗaya tak nake roƙo.

'Yarka,
Mufida

Iskandariya, 2 ga Oktoba, 1964

Zuwa ga Mufida 'yar Wadi,

Na samu takardarki. Lafiyata ƙalau ban da gwiwa. Ki gaishe da ubanki, ki tambaye shi ko ya daina satar dabinon mutane. Allah ya ji ƙan yaranki uku, ya sauke ki lafiya.

Yanzu sai maganar da ta kawo ki. A'a.

Ke kin san abin da kike roƙo kuwa? Duk yaron da na tashi tare da shi yana da waliyyinsa. Wannan a kai shi bikin waliyyinsa da rago, wancan a rataya masa hoto a wuya. Ni fa? In na shiga uku wa zan kira, mai ƙidayar jama'a? Sau ɗaya a shekara ake faɗin sunan nan a coci, ranar jajiberin Kirsimeti, kuma da mai karatu ya iso wurin sai kowa ya waiwayo. Maza suna murmushi, mata suna toshe baki da mayafi. Yara kuwa su bi ni har gida suna cewa, ranka ya daɗe gwamna, zo ka ƙirga awakinmu. Shekara ashirin da shida ina shan wannan. Da muka binne mahaifiyata ban ƙara kwana bakwai a garin nan ba.

Da na zo nan na ɗauka Girkawa za su san darajarsa, tunda da harshensu aka fara rubuta shi. Ranar da maigidana Kawaja Anesti ya ga takarduna, dariya ya yi har kofi ya ƙone. Ya ce duk ƙasarsu bai taɓa jin uwar da ta sa wa ɗanta shi ba. Wai mutumin ma ba haka danginsa ke kiransa ba, bakin Girkawa ne ya lanƙwasa shi. Ashe sunan aro na wani baƙon gwamna nake ɗauke da shi. Tun ranar na zama Karim.

Kuma na san yadda na same shi, babana ya faɗa mini. Suna biyu aka tanada, aka rasa na uku. Aka tambayi Mu'allim Bistawros, makahon nan mai waƙar coci wanda ba ya rabo da tsokana, sai ya jefo musu abin da aka karanta ranar da aka haife ni. Kyandir ɗin tsiya ya ƙi mutuwa. Shi ke nan tarihina, barkwancin makaho.

Kada ki ɗauka ban gane nufinki ba. Irin sunayen nan kike so da ake laƙaba wa jariri, su Tsumma, su Mabaraci, don mutuwa ta leƙo ta yatsina fuska ta wuce. Kin zauna kin rubuto wa dattijo mai shekara hamsin da bakwai cewa a duk dangi sunansa ne ya fi muni. To na gode. Abin ya yi mini ciwo, ban ɓoye miki ba.

Ki je asibitin Suhaj ki haihu a hannun likita. Ki bar tsohuwa ta sa Abadir ɗinta. Ba zan ɗora wa jariri kayan da na sauke da kyar ba.

Karim

Kom Gali, 19 ga Oktoba, 1964

Baffa,

Ina gaisuwa. Ya gwiwar? Baba ya ce in gaya maka kai ne kake hawa bishiyar, shi tsince kawai yake yi. Ƙafafuna sun kumbura, ban da haka lafiya.

Takardarka ta sa ni kuka, daga baya ta ba ni haushi. Ina na rubuta cewa sunanka mummuna ne? Ka ɗauko tawa ka sake karantawa. Cewa na yi kai kaɗai ka tsaya. Sauran kai ka ƙara da kanka. Asibiti kuma zan je in hanya ta bushe, ba sai ka yi mini faɗa ba.

Haushin ne ya kai ni wurin Inna Nargis. Ka tuna ta, ƙawar mahaifiyarka ta gidan da ke jikin naku, wadda ta zama ungozoma daga baya. Ta haura tamanin, idonta ya tafi amma bakinta na nan. Na karanta mata abin da ka ce game da Mu'allim Bistawros. Ta ce, "Salib ne ya gaya masa haka? Salib da ko tulun gidansa bai san inda yake ba?"

Ga abin da ta faɗa, kamar yadda ta faɗa. Ranar jajiberin Kirsimeti ita da Gwaggo Bahiya suna tsaye a sashen mata, cikin Gwaggo ya tsufa, bakwai ta riga ta binne, babu wanda ya kai littafi. Aka karanta labarin nan na gwamnan da a zamaninsa aka yi umarni a rubuta kowa da kowa. Gwaggo ta damƙe hannun Inna Nargis ta ce, "Kowa fa aka ce?" Ta ce mata kowa. "Har jarirai?" Ta ce, ni ina na sani, Bahiya, ki bar ni in ji karatu. Gwaggo ta ce, "Wa aka ce sunansa?" Suka kasa riƙe shi su biyun. Da aka tashi Gwaggo ta tare Mu'allim a bakin ƙofa ta sa ya maimaita mata har sau biyar. Da yamma naƙuda ta kama ta.

Ita ta roƙi Mu'allim ya faɗi sunan ranar bakwai kamar daga bakinsa ya fito, don ta san in ita ta faɗa babanka zai hana. Kuma ba ta bar wa sa'a ba. Kwana guda kafin suna ta ɗaure kyandir ɗin da zare ta zura shi cikin randa, lagwanin yana waje, don kakin ya yi sanyi ya taurare. Sanyayyen kyandir ba ya saurin ci. Inna Nargis ta ce mata wannan ai maguɗi ne a gaban Allah. Gwaggo ta ce, "Sau bakwai na bar masa zaɓi. Wannan karon zan taya shi."

Inna Nargis ta ce ranar da Abuna na lokacin ya rubuta ka, mahaifiyarka da ba ta san ko harafi ɗaya ba ta ce a nuna mata wurin. Ta ɗora yatsa a kai tawada ba ta bushe ba. Na tsallaka hayi na roƙi Abuna Matta ya buɗe mini tsohon littafin. Baffa, shafin yana nan, da sawun yatsan a kan rabin sunanka.

Ni ma abin da nake so ke nan. Ɗa ɗaya da za a rubuta. In bayan wannan ba ka aiko ba, ba za ka ƙara ji daga gare ni ba.

Mufida

Iskandariya, 24 ga Nuwamba, 1964

'Yata Mufida,

Ina fatan kumburin ya sauka. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Ni ina nan.

Na daɗe ban amsa ba. Na fara takarda ta fi shida ina yagawa. A ta farko cewa na yi Nargis ta rikice. A ta biyu cewa na yi ke kika shirya labarin. Amma na tuna wani abu. Duk shekara in aka iso wurin nan a karatu, ina jin kunya ina sunkuyar da kai, in na saci kallon sashen mata sai in ga mahaifiyata ta miƙe wuya tana kallona, fuskarta a sake. Na ɗauka ita ma dariyar take taya su. Shekara da shekaru na riƙe ta da wannan a zuciya, ta mutu ban tambaye ta ba. Me ya hana ta gaya mini? Ko ta gaya mini ban saurara ba?

Ba na iya zama wuri ɗaya. Jiya na ƙona buhu guda na kofi, ni da ake ce wa hancina ya fi agogo. Kawaja bai ko yi faɗa ba, shi ma hankalinsa na kan akwatuna, bayan Kirsimeti zai koma ƙasarsu kamar sauran 'yan'uwansa.

Na je cocin Girkawa na sayo kyandir uku na kakin zuma, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, don kada surukarki ta ce na yi son kai. Ga su nan a kan tebur. Ban aiko ba tukuna. Labarin mahaifiyata ya canja yadda nake kallonta, amma bai canja yaran Kom Gali ba, jikokin waɗanda suka bi ni da waƙa suna nan suna jira. Ki ba ni ɗan lokaci. Ai kin ce sai ƙarshen Disamba.

Karim

Iskandariya, 13 ga Disamba, 1964

Mufida,

Ki gafarce ni, yau ba doguwar gaisuwa. Na haɗu da Fahim mai albasa a kasuwa da safe. Ya ce kin haihu tun biyu ga wata, a gida, namiji. Na ce to wane suna aka sa? Ya ce shi dai ranar bakwai ya wuce ta ƙofarku bai ji an daka turmi ba, bai ga yara da gyaɗa da alewa ba, ƙofa a rufe. Na ce yaron fa? Ya ce bai tambaya ba, wai ba ya son shiga abin da ba ruwansa. Mutum ya san farashin albasa a gari bakwai amma bai san ko jaririn maƙwabcinsa na da rai ba. Saura kaɗan in kifa masa kwandon a ka.

Na san abin da rufaffiyar ƙofa ranar bakwai take nufi a garinmu. Ina roƙon Allah ya sa ban sani ba.

Na miƙa kyandir ɗin ga mai duba tikitin jirgin kudu, ya yi alkawarin ajiye su a tashar Suhaj wurin ɗan'uwansa. Na sa su cikin gwangwanin kofi na cusa auduga. Na san na makara. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Karim

Iskandariya, 22 ga Disamba, 1964

'Yata,

Kwana tara shiru. Kullum ina tare mai kawo wasiƙa tun daga kan kwana, har ya fara canja hanya in ya hango ni.

Na ɗauko takardarki ta Oktoba. Kin ce ba zan ƙara ji daga gare ki ba. To in fushi ne ya hana ki, ki yi fushin, na cancanta, amma ki sa wani ya rubuto mini kalma ɗaya. In kuwa ɗayan ne, ki faɗa mini kwana nawa ya yi. Kwana goma sha tara kyandir ɗin nan suka yi a kan teburina ina kallonsu ina shawara da kaina kamar wani alƙali. Ni da na ce miki camfi ne, yanzu ni ne nake lissafin da na aiko da wuri da me zai faru. Abinci ba ya shiga.

Ban san me zan ce wa Nashid ba in mun haɗu.

K.

Kom Gali, 28 ga Disamba, 1964

Baffana,

Yana da rai. Na fara da wannan don ka samu ka zauna. Yau kwanansa ashirin da bakwai, yana tsotso kamar ɗan maraƙi, kuma yana da kunnuwan gidanku, Allah ya ba shi haƙuri.

Ni ce na kusa tafiya. Zazzaɓin jego ya kwantar da ni mako biyu da rabi, ban san inda kaina yake ba. Duk gidan ni kaɗai ke rubutu, surukata kuwa ta ce ba za ta kira wani ya rubuta wa mai suyar kofi sirrin gidanta ba. Takardunka biyu na ƙarshe a ɗaure na same su ƙarƙashin matashi. Na karanta na ce, wayyo Baffa, ashe kai ma jego ka yi.

Ranar bakwai ba a yi suna ba saboda ni na hana. Shi ne abu na ƙarshe da na yi kafin zazzaɓi ya ɗauke ni. Surukata ta fito da rariya da turmi na al'adar suna, ta sayo kyandir, na rungume yaro na ce ba a kunna komai sai na Baffa ya iso. Ta ce, "Baffan da ya ce miki a'a?" Na ce a'ar tasa ta fara laushi. Ta ce ɗan mutum ba ya kwana takwas ba suna. Na ce uku na sa wa suna a kan lokaci, Inna, ina suke? Sai ta rufe ƙofa. Baƙo muka riƙa kiransa.

Gwangwaninka ya iso, duk gidan ya ɗauki ƙanshin kofi. Da na iya tashi aka sa ranar Asabar da ta wuce. Inna Nargis aka ɗauko a kan jaki ta ɗaura wa kowane kyandir zarensa: fari na Abadir, shuɗi na Bulus da Nashid ya aiko da shi daga Aswan, ja naka. Surukata ta kwashe su ta kulle a akwatinta, ta rataya makullin a wuya, tana kallona ta ce, "Na san halin matan gidanku da randa."

Ran Juma'a da rana ta fita wurin tanda. Na lallaɓa ina bin bango na je akwatin da tsinken saƙa, don na yi niyyar ɓalle shi ko me za a yi a yi. Na tarar a buɗe. Fari na nan, shuɗi na nan, ja babu. Baffa, na ce shi ke nan ta jefa shi a tanda. Na fito tsakar gida jiri na ɗibana, na je randa in sha ruwa. Ina ɗaga murfi na ga zare a ɗaure a bakinta. Na jawo. Jan kyandir ne, ya yi sanyi ƙarara.

Ina tsaye da shi a hannu ta shigo da faifan burodi a ka. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Mayar da shi, bai gama ba." Na ce Inna, Abadir fa? Ta ce, "Abadir yana da kabari da sunansa a kai, an rubuta shi tun tuni. Jikokina uku na wanke da hannun nan. Kuma in kika gaya wa wani zan ce ke kika yi." To ga shi na gaya maka, ka riƙe bakinka.

An kunna su da hantsi. Shuɗi ya mutu da azahar. Fari ya bi shi kafin la'asar, surukata ta buga ƙirji a gaban mata tana cewa an cuci mijinta, har da hawaye. Naka ya ƙara kusan sa'a guda shi kaɗai.

Saura kwana goma sha uku, kuma ba na barci da ido biyu. Ranar Lahadi goma ga Janairu yake cika arba'in. Abuna Matta ya ce bai taɓa rubuta sunan nan ba, zai buɗe tsohon shafinka ya kwafa. Ya tambaye ni wa zai riƙe yaro a bakin ruwa ya amsa a madadinsa. Na ce ina da wanda nake so, amma shekararsa talatin da ɗaya bai taka garin nan ba, kuma ban san da wane suna zai amsa ba.

'Yarka,
Mufida

Iskandariya, 6 ga Janairu, 1965

'Yata Mufida,

Na zauna kamar yadda kika ce, a kan buhun kofi, na yi kuka a gaban masu ciniki. Ki gaishe da surukarki. Ki ce mata ban san komai ba game da kowace randa.

Yau jajiberin Kirsimeti a lissafin cocinmu. Na je coci da safe. Tun da na zo garin nan, in aka kusa wurin nan a karatu sai in fita waje kamar mai tari. Yau na tsaya. Aka faɗi sunan, babu wanda ya waiwayo, don nan ba wanda ya san nawa ne. Ni ne na waiwaya sashen mata.

Jibi Juma'a zan hau jirgin safe. Fahim zai riga ni da wannan takarda, na ce masa in ta ɓata ya nemi wani garin. Ki gaya wa Abuna kada ya rufe tsohon littafin in ya gama kwafa, ina son in ga yatsan. Ki kuma tambayi Nargis ko tana tuna sunayen yayyena bakwai. Zan zo da alƙalami da takarda, in Abuna ya ce littafinsa ba na waɗanda ba a tsoma ba ne, zan sa a sassaƙa su a kan kabarin mahaifiyata.

Duk yaron da ya ce wa jikana ya zo ya ƙirga awaki, da ni zai yi. Ki rufe shi da kyau, sanyin bana ba wasa. Kwana huɗu ne kawai, Mufida. Ki riƙe mini shi.

Baffanki,
Kiriniyus ɗan Bahiya